Filin Tambayoyin Marubuta: Tatsuniya da Soyayya a Littafin Matasa

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: labarin soyayya na matasa wanda ake ɗauko tsohuwar tatsuniya a cusa ta cikin rayuwar yau, ta makaranta da waya da jarrabawa. Mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 17. Ina rubuta labarin wata 'yar sakandare da take faɗawa duniyar tatsuniya kowane dare, a can ta haɗu da ɗan sarki. Na kai babi na 8. Ƙawayena sun ce idan suna karanta ɓangaren makaranta mantawa suke da ɗan sarkin, idan kuma an shiga tatsuniya ba sa son a dawo. Ina na ɓata? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Wa alaikis salam, ƙanwarmu. Ki gode wa ƙawayenki, domin sun taɓa miki ainihin ciwon da ya fi kama irin wannan littafi. Labari biyu kike rubutawa a bango ɗaya. Yarinyar tana da damuwa da rana, tana da wata damuwar daban da dare, kuma babu wadda take shafar 'yar'uwarta.

Ki fara da gwaji. Ki cire duk babin da ya faru a duniyar tatsuniya, ki karanta abin da ya saura. In labarin makarantar ya tafi sumul babu giɓi, to tatsuniyar ado ce kawai kika rataya masa, kuma mai karatu ya riga ki ganewa.

Gyaran daga tatsuniyar kanta yake farawa. Ki rubuta ta cikin layi 10, kada ki wuce. Daga nan ki tsamo abu uku: me jarumar ta rasa, wace doka aka kafa mata, me zai same ta ranar da aka karya dokar. Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya yi nazarin tatsuniyoyin ƙasarsu a 1928, ya fitar da matakai 31 da labaran suke bi, kuma tun a na biyu da na uku za ki tarar da kafa doka da karya ta. Kada ki buɗe wannan ɗaki. Ki dawo kafin tsakar dare. Kada ki faɗa wa kowa sunana. Wannan dokar ita ce abin ɗauka. Fada da rawani da doki duk suna iya biyo baya, suna iya zama a inda suke.

Ɗauki Ta-kitse. Yarinya ce da asalinta kitse ne, sarki ya aure ta bisa sharaɗin ba za ta kusanci wuta ba, da ya yi tafiya kishiyoyi suka tilasta mata aiki a bakin wuta, ta narke. Mai gaggawa sarki da kishiyoyi zai kwasa. Mai natsuwa zai ga cewa labari ne na wadda take da raunin da ido ba ya gani, wadda lafiyarta ta rataya a kan mutane su mutunta sharaɗinta, kuma mai kare ta ba kullum yake kusa ba. Yanzu nemi matsalar rayuwar yau mai wannan siffa. Ga ɗaliba mai ciwon sikila da ta ɓoye wa 'yan ajinsu, wadda sanyi ko ƙishirwa ko aikin ƙarfi ke iya tayar mata da ciwo, ga kuma ƙawayen da suke ganin shagwaɓa ce kawai. Idan wannan yarinya ce ta faɗa duniyar da ake narkewa a bakin wuta, ba labari biyu ba ne kuma. Tambaya ɗaya ce dare da rana: wa za ta amince wa ya san rauninta? Ɗan sarkin ya samu aikin yi ke nan. Sai dai mu roƙe ki abu ɗaya idan kin bi irin wannan hanya: kada sihiri ya warkar da ciwon a babin ƙarshe. Akwai masu karatun da suke ɗauke da shi da gaske, kuma za su rufe littafin da nasu ciwon yana nan.

Mataki na gaba shi ne ƙofa. Duk sanda yarinyar ta tsallaka, to ta shigo da wani abu ko ta baro wani abu: tabo a hannu, alkawarin da ta ɗauka, sirrin da ta ji, awarwaron da ta jefar. Ki bi babobinki 8 ɗaya bayan ɗaya, a gefen kowanne ki rubuta abin da ya tsallaka. Babin da kika rasa abin rubutawa, shi ne inda ƙawayenki suka fara mantawa. Kuma ki sa alamar farko ta duniyar can ta ɓulla tun a babi na 1, ko da ƙanƙanuwa ce, domin wanda ya karanta shafi 40 na rayuwar makaranta zalla ya riga ya yanke wa kansa irin littafin da yake riƙe da shi.

Tambaya: A tatsuniya da ɗan sarki ya ga yarinya shi ke nan, sai biki. Na yi haka a labarina amma an ce mini soyayyar ba ta shiga rai. Yaya ake gina ta? (Daga wani matashi)

Amsa: Ɗan'uwa, tatsuniya minti goma ce ake gama ta, ba wanda ya zo auna zuciyar ɗan sarki. Littafi kuwa sa'o'i masu yawa mai karatu zai yi tare da su biyun, dole ya nemi hujja. Kuma ka lura, ko a tatsuniyar ma ba kullum gani ɗaya ne ba. A Daskin-da-riɗi, wadda ta samu saurayin ita ce wadda ta tsaya ta cuɗa wa tsohuwa baya bayan sauran 'yan mata sun ƙi, tsohuwar ta faɗa mata sunansa. Hali aka fara nunawa kafin a zo maganar aure.

Kafin taurarinka biyu su haɗu, ba kowannensu wata buƙata da ba soyayya ba, kuma buƙatun su yi karo. Ita tana neman ƙanenta da Dodo ya ɗauke. Shi kuma shi ne mai gadin ƙofar da in ta wuce, shi za a hukunta. Ka ga tun haɗuwar farko akwai abin magana, akwai abin faɗa, ba sai ka koma yabon ido da gashi ba.

Ga yadda ake raba tafiyar a littafi mai kalma 60,000. Su haɗu kafin kalma ta 6,000. Zuwa ta 15,000, wani dalili mai ƙarfi ya ɗaure su tare ko suna so ko ba sa so. Daga nan zuwa tsakiya nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin sababbin marubuta suke tsallakewa: fitowa huɗu ko biyar inda ɗaya yake ganin ɗayan ya yi abin da ya ci masa wani abu. Ya yi ƙarya ga ubangidansa don ta samu dare ɗaya. Ta koma ta ɗauko shi alhali ƙofa tana rufewa. Ya ga yadda take magana da wanda ba shi da abin da zai ba ta. A wajen kalma ta 30,000 ɗayansu ya miƙa wa ɗayan sirrin da za a iya halaka shi da shi. A wajen ta 45,000 su rabu. Rubu'in ƙarshe na zaɓi ne. Kana iya matsar da waɗannan lambobi gaba ko baya kaɗan, amma in ka tarar sun furta so tun a kalma ta 8,000, ka sani sauran littafin ba shi da abin jira.

Wurare uku ake faɗuwa. Na farko yabon kyau da aka sa a madadin hali. Jimla biyu sun isa, sauran ka bar wa aiki. Na biyu rabuwa a kan rashin fahimta, ta gan shi da wata ashe ƙanwarsa ce. Ka auna ta haka: in hirar minti biyu za ta warware rabuwar, ba rabuwa ba ce. Ta gaskiya ita ce wadda kowannensu ya fahimci ɗan'uwansa sarai amma duk da haka abin da suke so ba zai yiwu tare ba, ko dai ƙanenta ya fita ko mai gadin ya tsira. Na uku shi ne tsohuwar da ta faɗa tun babi na 2 cewa wannan ne mijin yarinyar. Da zarar an faɗi haka an ƙwace zaɓi daga hannun yarinyar, mai karatu kuwa zaɓin ya zo gani. In ka nace sai an yi irin wannan furuci, sa jarumar ta ƙi shi, ta yi ta yaƙarsa, ko kuma ya tabbata ta fuskar da ba a zata ba.

Tambaya: Kalma nawa ya kamata littafin ya kai, kuma shekarun jaruma nawa? (Daga masu karatu da dama)

Amsa: Abin da kamfanonin ɗab'i suke kira littafin matasa ana nufin masu shekara 12 zuwa 18 ne, jarumai kuma galibi tsakanin 15 da 18 suke, domin yaro ya fi son karanta wanda ya ɗan girme shi. Tsawon da aka saba gani kalma 50,000 zuwa 80,000 ne, na almara yakan ɗan haura tunda sai an gina masa duniya. Ga littafin farko muna ba da shawarar 55,000 zuwa 65,000, a babi 25 zuwa 30, kowanne kalma 2,000 ko ɗan sama da haka. Mai sakin labari babi-babi a intanet ya rage zuwa 1,200 ko 1,500, tunda a waya ake karantawa. Wanda ya wuce 100,000 a karon farko, sau da yawa bayanin tarihin masarauta ne ya cika shi, kuma shi za a fara yankewa.

Tambaya: Ina so in yi amfani da labarin Sindirela. Ba za a kai ni ƙara ba? (Daga wata marubuciya)

Amsa: 'Yar'uwa, gundarin labarin ba mallakar kowa ba ne. Charles Perrault ya buga nasa a Faransa a 1697, shi ne mai takalmin gilashi da kabewar da ta rikiɗa ta zama keken doki. 'Yan'uwan nan na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da nasu a 1812, wanda babu kabewa a ciki, sai bishiya a kan kabarin uwa da tsuntsaye da takalmin zinariya. Tun kafin su duka, a ƙarni na 9, an rubuta irinsa a ƙasar Sin, labarin Ye Xian, wadda ƙasusuwan kifi ne suke biya mata buƙata. Yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin marubuta, ta sa haƙƙin mallaka ya kai aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa sun mai da shi 70, kuma waɗannan duk sun wuce wannan wa'adi da nisa.

Abin da ba naki ba shi ne abin da na baya-bayan nan suka ƙara. Sunayen da wani fim ya raɗa wa taurarinsa, waƙoƙinsa, zanen rigar jaruma, sababbin taurarin da ya ƙirƙiro, duk suna da masu su. Haka fassarar zamani ta tsohon labari: labarin na kowa ne, amma jimlolin mai fassara nasa ne. Hanya mafi aminci ita ce ki karanta tsofaffin nau'o'i biyu ko uku, ki ajiye su, ki rubuta naki daga abin da suka yi tarayya a kai. In kika samu wani abu a kanki wanda babu shi a ko ɗaya daga cikinsu, ki bincika, wataƙila daga fim ya maƙale miki. Ki kuma sani cewa wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana, suna da tanadi na musamman a dokarsu kan amfani da adabin baka na gargajiya don kasuwanci, saboda haka ki tuntuɓi hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasar da za ki buga littafin kafin ki kai shi maɗaba'a.

Akwai wani abin aiki da zai amfane ki. Masana sun jera tatsuniyoyin duniya bisa siffarsu, kowace da lamba. Antti Aarne ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Hans-Jörg Uther ya sake tsarawa a 2004, shi ya sa ake kiran jerin ATU, wato harufan farko na sunayen su ukun. Sindirela ita ce 510A. Kyakkyawa da Dodo 425C. Labarin yarinya mai ladabi da marar ladabi da aka aika hanya ɗaya kowa ta dawo da sakamakonta, irin na 'yar bora da 'yar mowa, shi ne 480. Ki saka lambar a intanet za ki ga nau'o'i daga ƙasashe barkatai.

Ra'ayinmu kuwa, tunda kin buɗe ƙofar: Sindirela an sake ta har ba a san adadi ba, kuma mai karatu ya san inda za ta ƙare tun daga suna. Wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga kundi uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, akwai labarai a ciki da har yanzu ba wanda ya mai da su littafin matasa. Ki leƙa can kafin ki yanke shawara.

Tambaya: Jarumata tana da waya. Duk wanda ya karanta sai ya ce me ya hana ta kira gida ko ta ɗauki hoto? Na gaji da cewa caji ya ƙare. (Daga wani ɗalibin jami'a)

Amsa: Cajin da ke ƙarewa daidai lokacin da marubuci yake buƙata, sau ɗaya ake yafe shi. Ka yanke wa wayar hukunci ɗaya tun babin farko da ta tsallaka, ka tsaya a kai har ƙarshe. Ko dai ba ta aiki a can sam, ko tana aiki amma hoton yana fitowa babu kowa a ciki, ko komai yana aiki amma akwai dokar da ta hana faɗa, wadda duk sanda ta karya sai ta rasa wani abu. Na ukun ya fi ƙarfi, domin ya mai da kowane kira jarrabawa: ga lambar mahaifiyarta a gabanta, ga abin da zai biyo baya idan ta danna.

Matsalar da ta fi ta waya girma, wadda ba ka tambaya ba, ita ce lokaci. Da yawa suna rubuta cewa awa ɗaya a nan kwana ɗaya ne a can, don yarinya ta yi doguwar tafiya cikin barcin dare ɗaya, sai su manta da ɗaya ɓangaren lissafin. Barcin awa 8 kwana 8 ne a can, daidai. To amma awa 16 da take farke, saurayin kwana 16 yake jira. Wata ɗaya a nan kwana 720 ne a can, kusan shekara 2. Shekarar karatu ɗaya kuwa ta ishe shi ya zama sa'an babanta. Ko dai ka rage tazarar, ko ka tsayar da lokacin can idan ba ta nan, ko kuma ka rungumi lissafin ya zama shi ne ciwon soyayyar, wanda a ganinmu shi ne zaɓi mafi daɗi ga mai ƙarfin hali. Kowanne ka ɗauka, ka ja jadawali mai gida biyu, kwanan wata na nan da na can, ka cike shi babi-babi.

Sai iyaye. Don tatsuniya tana son marainiya ba dole ne ka kashe su ba. Uwar da take raye, ta lura 'yarta tana rama, makinta yana sauka, tana barci a aji, ta fi marayci amfani ga labari. Kafin tsakiyar littafi lallai wani babba ya lura, ya yi tambaya, ya ɗauki mataki. Yarinyar da ta yi wata uku tana ɓacewa ba wanda ya ce uffan, wannan ya fi Dodon wuyar yarda.

Tambaya: Ni malama ce kuma uwa. 'Yata mai shekara 15 tana karanta waɗannan littattafai. Na duba ɗaya na ga wani halitta mai shekara ɗaruruwa ya tsare yarinya a gidansa, daga baya wai ta kamu da sonsa. Hankalina bai kwanta ba. (Daga wata malama)

Amsa: Malama, damuwarki tana da tushe, kuma amsar ta shafi marubuta kamar yadda ta shafi iyaye. Wannan siffa daga labarin Kyakkyawa da Dodo ta samo asali, wanda Gabrielle-Suzanne de Villeneuve ta buga a Faransa a 1740, Jeanne-Marie Leprince de Beaumont kuma ta taƙaita shi a 1756 don koyar da yara mata. A tatsuniya Dodo alama ce, ba wanda yake ɗaukarsa mutum. Da zarar an shigo da shi rayuwar yau, aka ba shi murya da fuska, aka sa yarinyar a aji huɗu na sakandare, sai tsarewa ta zama tsarewa ta gaske, tazarar shekaru ma ta zama ta gaske.

Ga abin da za ki duba, wanda shi ne kuma abin da marubuci zai gyara. Shin ƙofa a buɗe take kafin a fara maganar so? A littafi mai kyau yarinyar tana samun 'yancin tafiya, ta tafi ɗin, ta yi babi biyu ko uku a cikin rayuwarta da danginta da ƙawayenta, sannan ta yanke shawara. Shin ya sauya hali ne da aiki, har ga waɗanda ba ita ba, ko kuwa haƙurinta ne kawai aka ce ya gyara shi? Wannan na biyun shi ne darasi mafi haɗari da yarinya za ta ɗauka, cewa aikinta ne ta jure har mai cutar da ita ya shiryu. Batun shekaru kuma yana da gyara mai sauƙi: a nuna cewa wata la'ana ce ta same shi yana ɗan shekara 17, lokaci ya tsaya masa cak, bai rayu waɗannan ƙarnoni yana tara wayo da iko ba. In kuwa labarin ya nuna ya rayu su, to babba ne yake neman yarinya, ko da fuskarsa ta saurayi ce.

Alamomin da za su sa ki ajiye littafi: jarumi yana bincikar wayarta, yana raba ta da ƙawaye, yana barazanar cutar da kansa in ta tafi, kuma mai ba da labarin yana kiran duk wannan tsananin so. Haka duk littafin da ya kwatanta saduwar jiki da 'yan ƙasa da shekara 18, ba shi da wuri a hannunta, kuma marubucin matasa ba ya buƙatarsa. Jira da kunya da kalmar da aka kasa furtawa sun fi riƙe mai karatu. Hana karatu gaba ɗaya bai cika aiki ba. Ki karanta babi uku na abin da take karantawa, ki tambaye ta: in ƙawarki ce wannan yaron yake yi wa haka, me za ki ce mata?

Tambaya: Na kai ƙarshe na rasa mafita, sai na sa wata aljana ta zo ta warware komai. Wani kuma ya ce in mai da shi duk mafarki ne. Wanne ya fi? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Babu ko ɗaya, ƙanwarmu. Mai tatsuniya yana da damar cewa ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya, kowa ya tashi yana dariya, domin tun daga ga ta nan ga ta nanku an san wasa ake. Mai littafi ya nemi a yarda da shi na shafi 200, ba zai zo a na ƙarshe ya ce ba abin da ya faru ba. Aljanar ma haka, ta ƙwace wa jarumarki aikin da aka daɗe ana jira ta yi.

Rasa mafita a ƙarshe alama ce ta cewa ba a kafa dokokin sihirin ba tun farko. Ki ɗauki shafi ɗaya ki amsa tambaya biyar: wa yake iya yin sa, me yake iya yi, me ba zai taɓa iya yi ba, me ake biya duk sanda aka yi shi, kuma ta yaya ake karya shi. Ta uku da ta huɗu su suka fi muhimmanci. Sihirin da ba shi da iyaka ba ya barin tsoro a zuciyar mai karatu, wanda ba a biya kuma ba ya barin zaɓi. Abin biyan ya fito daga rayuwarta ta nan: kowane buɗe ƙofa ya share mata tunanin rana ɗaya da ta yi da mahaifinta, ko ya sa mutum ɗaya ya manta da ita. Dokokin da mai karatu zai riƙe a ka kada su wuce uku.

Sai ki dawo kan abin da zai warware ƙullin, ko zobe ne, ko suna, ko waƙa. Ya bayyana sau uku kafin ƙarshe. Karon farko a wuce shi kamar ba komai ba. Karo na biyu ya yi ƙaramin aiki, a ga abin da ya ci. Karo na uku ya ƙi aiki ko ya yi ɓarna saboda an yi amfani da shi ba daidai ba, daga nan jarumar ta gane sirrinsa. Bayan an shiga rubu'in ƙarshe kada wani sabon iko ko sabon mai taimako ya ɓullo. Tunda kin riga kin rubuta littafin, aikin yanzu na komawa baya ne: ki zaɓi abin daga cikin waɗanda suke labarin, ki dasa shi a wajen babi na 3, na 11 da na 19, sannan ki sake rubuta babobi uku na ƙarshe.

Ƙarshen kansa hanya uku yake da su: ta zauna can, shi ya dawo nan, ko ƙofar ta rufe tsakaninsu. Kowacce tana yiwuwa muddin ita ce ta zaɓa kuma ta rasa wani abu na gaske. Masu karanta soyayya suna son a bar su da fata, saboda haka in kin raba su, ki bar wata kafa da dokokinki suka yarda da ita. Kuma ga jaruma mai shekara 16, ba sai an ɗaura aure ba kafin labari ya cika.

Tambaya: Wa zan ba ya karanta kafin in fitar? (Daga wani sabon marubuci)

Amsa: Mutum biyar sun isa: matasa uku masu shekarun da ka rubuta domin su, babba ɗaya mai yawan karatu, da mutum ɗaya da ya san tatsuniyar da ka ɗauko tun daga bakin masu faɗarta. Aƙalla biyu su kasance ba abokanka ba. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka roƙe su su sa alama a duk shafin da suka ajiye littafin suka ɗauki waya, su faɗa maka dokokin duniyar can da bakinsu ba tare da sun duba ba, su kuma nuna maka fitowar da suka fara yarda cewa su biyun suna son juna. In uku daga cikin biyar suka sa alama a babi ɗaya, wannan babin za ka fara sake rubutawa. Ka ba su mako uku, kai kuma kada ka taɓa rubutun har su dawo da shi.